Yadda ake sabunta OpenWrt a kan rauta, a gwada shi a tebur kafin a kai wa mai ita

Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kuma akwai manhajar da ke tafiyar da ita. Wadda kamfani ya sako yawanci akan daina gyara ta da zarar sabon samfuri ya fito kasuwa, shi ya sa da yawa daga cikinmu masu kula da intanet na makarantu, cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da shagunan kafe a Birnin Kebbi, Jega da Argungu muka koma OpenWrt. Linux ne da aka rage masa nauyi don ƙananan na'urori, kuma lambobinsa, wato rubutun da aka gina shi da shi, a buɗe suke ga kowa. An fara shi a 2004, bayan da Linksys ta saki lambobin rautarta WRT54G kamar yadda GPL, lasisin da Linux ke ƙarƙashinsa, ya wajabta mata. Ɗora shi karon farko ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne riƙe shi shekara da shekaru, kana sabuntawa ba tare da ka kashe wa mutane intanet ba. Ƙa'idata guda ce, kuma duk abin da ke ƙasa a kanta aka gina shi: ba a ɗora wa rautar mutane abin da ba a gwada a kan 'yar'uwarta ba.

KAYAN AIKI

Rautar gwaji, samfuri ɗaya da wadda ke wurin aiki, har lambar zubin da ke jikin takardar ƙasa ta zo daidai. Archer C7 v2 da v5 suna ɗaya ne, amma fayil ɗinsu daban.

Kwamfuta mai ramin kebul na intanet, da kebul biyu masu lafiya. Linux ya fi, amma Windows ma na yi in akwai PuTTY, manhajar shiga rauta a buga mata umarni.

Ƙaramar na'urar USB-TTL mai ƙarfin 3.3V, irin CH340 ko CP2102, wadda ke haɗa kwamfuta da allon cikin rauta kai tsaye, da siraran wayoyi uku. Masu sayar da kayan Arduino na da ita. In babu a gari, ka yi saƙo a kawo maka daga Kano, ba ta da tsada.

Mita ta auna wuta, sukudireba, adaftar 12V ta ajiya, da wuta mai tsayawa: inbata, ko batir mai caji sosai. Sai filas guda na ajiyar fayiloli, littafi da biro, da tsohuwar wayar Android mai araha, irin wadda mutanenmu suka fi riƙewa.

In ba ka da kuɗin sayen rautar gwaji, ka shawo kan mai wurin ya sayi biyu tun farko, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Ranar da aradu ta ƙona ta farko da damina zai gode maka.

1. San na'urar da ke hannunka

Haɗa kebul, ka shiga ta SSH, hanyar buga wa rauta umarni daga kwamfuta, a 192.168.1.1 da sunan root, ka buga:

ubus call system board

Zai nuna maka samfurin, rukunin da take ciki, da sigar OpenWrt da ke kai. Rubuta su a littafi. Sannan free da df -h, don ka ga RAM da sauran wuri a ma'adana. Rauta mai ma'adana 4MB da RAM 32MB, irin tsofaffin TL-WR841N da har yanzu suke cike da gidaje, siga ta 19.07 ce ta ƙarshe da ta ɗauke su. Kada ka ɓata wa kanka lokaci a kansu, kuma kada ka bar su a inda ake harkar kuɗi. In za ka sayi sabuwa, nemi mai aƙalla 16MB da 128MB, ka kuma duba teburin na'urori na shafin OpenWrt kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Abu ɗaya ya kamata ka fahimta game da yadda yake zaune a ciki. Ainihin manhajar tana wani sashe ne da ba a rubutu a kansa, duk canjin da ka yi kuma yana hawa wani sashe na sama. Kamar rubutu ne a kan allo: umarnin firstboot na wanke rubutun, allon na nan. Saboda haka saiti da ya lalace ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a taɓa manhajar tayarwa, wato U-Boot, ko sashen da ke ɗauke da ma'aunin rediyon Wi-Fi.

2. Yi ajiya iri biyu

Ta farko sau ɗaya ake yin ta a rayuwar rauta. Buga cat /proc/mtd ka ga sassan ma'adana. Nemi mai suna art a masu guntun Atheros, ko factory a masu MediaTek. A nan masana'anta ta rubuta ma'aunin rediyon wannan rautar ita kaɗai, kuma ba a sauke shi daga intanet. In ya goge, Wi-Fi zai raunana ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Kwafe shi da dd if=/dev/mtd5 of=/tmp/art.bin, amma ka sa lambar da ka gani a taka, ba lallai 5 ba ce. Ka kwafi na U-Boot ma.

Ta biyu kafin kowane sabuntawa ake yin ta:

sysupgrade -k -b /tmp/ajiya.tar.gz

Wannan -k ɗin na sa jerin ƙunshin manhajojin da ka ƙara ya shiga cikin ajiyar. Buga sysupgrade -l ka ga fayilolin da za su tsira. In kana da wani rubutu naka a wajen /etc/config, sa hanyarsa a cikin /etc/sysupgrade.conf, in ba haka ba zai tafi.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su bar ajiyar a /tmp. Wannan wurin RAM ne, ana ɗauke wuta ya share. Janyo ta zuwa kwamfuta da scp -O root@192.168.1.1:/tmp/ajiya.tar.gz sannan ka sa wurin da kake so. Wannan babban baƙin O ɗin dole ne a sababbin kwamfutoci, domin tun OpenSSH 9.0 scp ya koma amfani da SFTP, shi kuwa dropbear, manhajar SSH da ke cikin rauta, ba ya zuwa da shi. Sa wa fayil ɗin sunan wuri da kwanan wata. Akwai kalmomin sirri a ciki, don haka ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne.

3. Karanta bayanin sabuwar siga kafin ka sauke ta

Lambobin sigogi suna nuni ne da shekara da wata: 21.02, 22.03, 23.05, 24.10. Lamba ta uku, kamar 23.05.3 zuwa 23.05.4, gyaran kurakurai ne da toshe kafofin tsaro, kuma da wuya ta kawo rikici. Tsallakawa daga jeri zuwa jeri shi ne ke son natsuwa. Daga 21.02 aka fara sauya yadda ake saita ramukan kebul zuwa tsarin DSA, rukuni bayan rukuni, kuma rautar da sauyin ya shafa ba ta karɓar tsohon saiti, sai an sake daga farko. A 22.03 katangar tsaro ta bar iptables ta koma nftables, don haka wanda ya rubuta dokokinsa da hannu sai ya sake su. A ƙarshen 2024 kuma reshen da ake ci gaba da gini a kansa ya bar opkg, manhajar sauke ƙunshi, ya koma apk. Duk waɗannan an rubuta su a bayanin fitowa. Minti goma ne karatun.

Fayil iri biyu za ka gani. Mai factory na rautar da ke kan manhajar kamfani ne, mai sysupgrade kuma na wadda tuni take kan OpenWrt. Guji wanda ake kira snapshot a wurin mutane: kullum ake sake gina shi, ba a tantance shi ba, kuma ba ya zuwa da LuCI, shafin da ake saita rauta ta burauza.

Bayan saukewa, auna shi da sha256sum, ko certutil -hashfile sunan-fayil SHA256 a Windows, ka gwama da lambar da ke shafin. Da irin netiwok ɗinmu mai yankewa, fayil ya sauko rabi ba sabon abu ba ne. Ka kuma riƙa ajiye kwafin duk abin da ka sauke a filas, har da tsohuwar siga da za ka koma wa. Abokan aikinmu na Gusau sun ga amfanin haka a Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara.

4. Haɗa naka fayil ɗin

Sabuntawa na share duk ƙunshin da ka ƙara. Ka ɗauka rauta ce a Yauri da ke samun intanet ta modem na USB: ka sabunta, direban modem ya tafi, babu intanet ɗin da za ka sake sauke shi. Maganin shi ne ka cusa ƙunshin a cikin fayil ɗin tun kafin ka ɗora. Image Builder na yin haka a kan Linux cikin 'yan mintuna, ba sai ka gina komai daga tushe ba. Sauke na rukuninka da sigarka, buga make info ka ga sunan samfurinka, sannan:

make image PROFILE="tplink_archer-c7-v5" PACKAGES="luci luci-app-sqm watchcat usb-modeswitch kmod-usb-net-cdc-ether" FILES="files"

Sai ka rubuta luci da kanka, ba ya shiga shi kaɗai. Alamar ragi a gaban sunan ƙunshi na cire shi in wuri ya yi kaɗan. Duk abin da ka sa a cikin jakar files zai shiga rautar yadda yake. Ni nakan sa ɗan rubutu a files/etc/uci-defaults da ke saita lokaci zuwa Africa/Lagos da WAT-1, da lambar ƙasa NG ga Wi-Fi. Ka sani cewa irin wannan rubutun na gudana bayan kowace ɗorawa, ko da ka riƙe tsohon saiti, don haka kada ka sa abin da zai take saitin mai wuri.

In ba ka da Linux, shafin firmware-selector na OpenWrt na ba ka damar rubuta jerin ƙunshi ya haɗa maka. Akwai kuma Attended Sysupgrade a cikin LuCI, da umarnin owut a 24.10, waɗanda ke duba abin da ke kan rautar su nemo fayil mai ɗauke da shi.

Abin da ba a yi shi ne sabunta duk ƙunshi a dunƙule da opkg upgrade. Yana cika ma'adana, kuma ƙunshin da sunansu ya fara da kmod a ɗaure suke da ainihin kanel, wato zuciyar Linux, da aka gina su da shi. Su kansu masu OpenWrt sun hana.

5. Ɗora a kan rautar gwaji

Da farko mayar da ita tamkar ta wurin aiki: tsohuwar siga, da ajiyar can da ka dawo da ita ta sysupgrade -r. Abin da kake gwadawa ba sabuwar siga kawai ba ce, tsallakawar ce daga tsohuwa zuwa sabuwa da saitin mutumin.

Jona ta a inbata. Yi amfani da kebul, ba Wi-Fi ba. Tura fayil ɗin zuwa /tmp, ka buga sysupgrade -T da sunansa, wanda ke duba ko ya dace ba tare da ya rubuta komai ba. In ya yi ƙorafi, tsaya ka karanta. Akwai -F na tilastawa, kuma yawancin rautocin da ake kawo mini sun ƙi tashi ta nan suka bi. In ya wuce lafiya, sysupgrade -v da sunan fayil, ko ka ƙara -n in bayanin fitowa ya ce a fara da sabon saiti. Daga nan cire hannunka har fitila ta daina ƙiftawa. Wasu na ɗaukar minti biyar a tashin farko.

Wanda ba shi da rautar gwaji ko kaɗan zai iya tayar da sigar x86-64 a cikin QEMU ko VirtualBox, manhajojin da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ya gwada dokokin katanga da rubutunsa. Amma wannan ba zai gaya maka komai ba game da Wi-Fi, zafi ko ma'adana. Rabin gwaji ne.

6. Gwajin kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Shafi ya buɗe, YouTube ya yi, sai a ce an gama. Waɗanda suka gina manhajar sun gwada ta a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Abin da ba su gwada ba, kai za ka gwada.

Fara da karatu: dmesg da logread, umarnan da ke nuna bayanan abin da ya faru a cikin rautar. Nemi error, failed da oom, wato RAM ya ƙare. Ba kowane jan rubutu ne matsala ba, shi ya sa yake da kyau ka ajiye na tsohuwar siga ka gwama. Bi ramukan kebul ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata kowanne na ba da adireshi. Haɗa Wi-Fi na 2.4 da na 5 da sabuwar waya, da tsohuwar nan, da na'urar POS in wurin na amfani da ita. Wasu tsofaffin na'urori na ƙin haɗuwa in aka gauraya tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 da WPA3, kuma gara ka gano haka a teburinka da a gaban layin masu cirar kuɗi.

Gudu kuma da iperf3 ake auna shi, tsakanin kwamfutoci biyu, ɗaya a ɓangaren WAN, inda intanet ke shigowa, ɗaya a LAN, ɓangaren cikin gida, bayanan su ratsa ta cikin rautar. In ka kunna iperf3 a kan rautar kanta, ƙarfin ɗan injinta kake aunawa, ba hanyar ba. Yayin da yake gudu, buɗe ping, umarnin da ke auna jinkiri, a gefe. In jinkirin ya yi tsalle sosai, SQM, mai tsara layin bayanai, shi ne maganinsa: sa masa gudun da ya ɗan gaza abin da layin ke bayarwa da gaske da yamma, ba abin da aka rubuta a talla ba.

Sai gwajin ɗauke wuta. Zare adafta, ƙirga biyar, mayar, ka jira ta tashi ta kama intanet da kanta. Maimaita sau 20. A wasu ka zare tana tsakiyar tashi, a wasu ka mayar nan take, irin yadda ake yi in ana juyawa daga janareta. Kashe modem tare da ita ma, domin modem kan riga ta ko ya makara, kuma akwai saitin da sai an bi wani jeri yake kamawa. Ba a yin wannan gwajin lokacin ɗora manhaja, wannan kisa ne.

Gwajin agogo mutane kaɗan ke yi. Yawancin rautoci ba su da batirin agogo, daga intanet suke samun lokaci. Tayar da ita babu WAN, ka buga date, ka ga inda ta tsaya. Sannan mayar da WAN ka ga ko ta gyara. Agogon da ya koma baya na hana WireGuard, manhajar VPN, gaisawa da ɗaya ɓangaren, yana kuma sa takardun shaidar HTTPS su zama kamar na bogi. In kana shiga rautocinka daga nesa ta WireGuard, wannan gwajin shi ne bambancin zama a shago da hawa mota.

Duba karon adireshi. Rautar Starlink na amfani da 192.168.1.1, daidai da na OpenWrt, haka ma wasu modem. In WAN da LAN suka faɗa jeri ɗaya, komai zai nuna a haɗe yake amma babu abin da ke wucewa. Mayar da LAN ɗinka wani jeri, misali 192.168.50.1.

Na ƙarshe shi ne juriya. Bar ta a kunne mako guda tana aiki, a ɗakin da babu fanka. Zafin Afrilu a Kebbi na haura digiri 40, kuma cikin silin ko akwatin ƙarfe ya fi haka nesa. Kullum duba uptime da free, ka rubuta. In uptime ya koma baya, ta sake tashi ita kaɗai. In RAM na raguwa kullum ba ya dawowa, wata manhaja na cin sa. Mai ma'aunin zafi za ta nuna shi a /sys/class/thermal/thermal_zone0/temp, ka raba lambar da 1000. Kafin ka zargi manhaja, sa mita a kan adafta tana cikin aiki. Adafta mai arha da ke faɗuwa ƙasa da 12V in Wi-Fi ya ɗauki nauyi ta sha jawo wa OpenWrt zagin da bai ci ba. Kuma tunda logread a RAM yake zaune, yana gogewa da ta sake tashi. Saita log_ip a /etc/config/system ta riƙa tura bayanan zuwa kwamfutarka. Kada ka juya su zuwa ma'adanar rautar, yawan rubutu na cinye ta.

7. In ta ƙi tashi

Mataki uku ne, daga mai sauƙi. Na farko failsafe, yanayin da rauta ke tashi ba tare da saitinka ba: ba kwamfutarka adireshin 192.168.1.2 da hannu, kunna rautar, da fitila ta fara ƙiftawa ka danna maɓalli, za ta koma ƙiftawa da sauri. Shiga ta SSH, buga mount_root ka gyara abin da ka ɓata, ko firstboot ka share saiti duka.

Na biyu TFTP, hanya mai sauƙi ta tura fayil ta kebul. Rautoci da yawa, in aka riƙe maɓallin reset ana kunnawa, sukan nemi fayil mai wani takamaiman suna daga kwamfuta mai wani takamaiman adireshi. A TP-Link da dama 192.168.0.66 ne. Sunan da adireshin suna shafin samfurinka, ka kwafe su a littafi tun tana da lafiya.

Na uku buɗe ta. Nemi ƙafafu huɗu a kan allon, gano GND da mita, haɗa TX ɗinka da RX ɗinta, RX ɗinka da TX ɗinta. Ta huɗun, VCC, kada ka haɗa ta ko kusa, kuma ka tabbata na'urarka ta USB-TTL na kan 3.3V ba 5V ba. Gudun sadarwar da za ka saita yawanci 115200 ne. In ka ga rubutun U-Boot na gudu, rautar na da rai, kuma daga nan za ka iya janyo fayil ta TFTP. Shawarata ka koyi wannan a kan rautar gwaji ranar da babu abin da ya lalace.

8. Kai wa mutane

Ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mafi kusa da kai. Bari ta kwana biyu tana aiki kafin ka taɓa ta gaba. Ba a sabunta cibiyar jarrabawa ana gobe JAMB, ba a taɓa shagon POS ranar kasuwa, ba a kuma farawa da la'asar ɗin Alhamis in ba ka shirya aikin Juma'a ba. Rautar da ke nesa, kamar Zuru, kada ka ɗora mata komai ta intanet sai akwai mutum a tsaye kusa da ita, wuta kuma daga batir take. In ka ce masa, “Malam, don Allah kada a taɓa soket ɗin nan sai na kira ka,” ka jira ya amsa kafin ka danna.

Da ka gama, tabbatar akwai kalmar sirri ta root, kuma SSH da LuCI ba sa buɗe ta ɓangaren WAN. Manna takarda a ƙasan rautar da siga da kwanan wata, ka rubuta irinsa a littafi. Hura ƙurar hunturu daga ramukan iska tunda ka zo. Sau ɗaya a wata ka leƙa sanarwar tsaro ta OpenWrt. Kafa irin KRACK da aka bayyana a WPA2 a 2017 ba ta jira lokacin da ya dace da kowa ba, kuma jerin da aka daina tallafa wa ba ya samun gyara.

9. In kuskuren na manhajar ne, kai rahoto

Kafin ka rubuta, ɗora sigar hukuma da -n, babu ƙunshinka babu saitinka, ka ga ko matsalar na nan. In tana nan, koma baya siga bayan siga har ka gano ta ƙarshe da ke lafiya da ta farko da ta lalace. Wannan bayanin ya fi komai amfani ga mai gyara. Ana kai rahoto a sashen issues na openwrt/openwrt a GitHub, da Turanci, ko da mai sauƙi ne. Bincika ko wani ya riga ka. Sa sakamakon ubus call system board, matakan da ke jawo matsalar, da layukan logread ko na kebul ɗin TTL da suka shafe ta, bayan ka goge kalmomin sirri da adireshin mutane. Yawancin masu gyaran 'yan sa-kai ne, kuma mai yiwuwa ba su da irin rautarka a hannu. In suka turo maka fayil na gwaji, ɗora shi a kan rautar gwaji, ka sake bin mataki na 6, ka mayar musu da abin da ka gani.